Digirin nazarin cuɗanyar al'adu: Ina ɗalibai za su dosa bayan ƙungiyoyin agaji sun tsuke bakin aljihu?

Shekarar 2025 ta zo da sauyin da ya girgiza dubban matasan da suka karanci fannin cuɗanya tsakanin al'adu, da waɗanda ke shirin karanta shi, a jami'o'in Amurka da Turai har ma da na Afirka.

A ranar 20 ga Janairu, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya sanya hannu kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. A watan Maris, Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar raya ƙasashe ta USAID. Daga ranar 1 ga Yuli kuma hukumar ta daina gudanar da ayyukan tallafi, aka miƙa abin da ya rage ga ma'aikatar harkokin waje.

Birtaniya ma ta bi sahu. A watan Fabrairu ta sanar da cewa daga 2027 za ta rage kuɗin agajin da take bayarwa daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasar, domin ƙara wa ɓangaren tsaro.

Nan da nan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara sallamar ma'aikata. Hukumar 'yan gudun hijira, UNHCR, ta ce za ta soke guraben aiki kusan 3,500. Ofishin daidaita ayyukan jin ƙai, OCHA, ya rage kashi 20 cikin 100 na ma'aikatansa, kuma Najeriya da Kamaru na cikin ƙasashen da ya ce zai rage ayyukansa a cikinsu.

Waɗannan hukumomi da ƙungiyoyin da ke samun kuɗi daga hannunsu su ne kasuwar da mafi yawan masu wannan digiri ke hange tun suna aji ɗaya. Shi ya sa tambayar ta taso a tsakanin ɗalibai da iyayen da ke biyan kuɗin makaranta: shin har yanzu kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Mene ne ake koyarwa a wannan fanni?

Fannin ya ginu ne a kan tambaya guda: me ke faruwa idan mutanen da suka tashi cikin al'adu daban-daban suka haɗu a wurin aiki, asibiti, kasuwa ko teburin sulhu, kuma ta yaya za su fahimci juna?

Kwas ne da ke aro daga fannoni da dama. Ɗalibi zai taɓa ilimin nazarin al'ummomi, ilimin harsuna, ilimin halayyar ɗan'adam, tarihin addinai, ƙaura da hijira, da dabarun sasanta rikici. A jami'o'i da yawa sai ɗalibi ya ɗauki wani harshen waje, ya kuma yi zangon karatu ko aikin sanin makamar aiki a cikin al'ummar da ba tasa ba.

Asalinsa ya samo tushe ne daga buƙatar aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta lura cewa jami'an diflomasiyyarta na zuwa ƙasashen waje ba su san harshen mutane ba, ba su san ɗabi'unsu ba. A farkon shekarun 1950 masanin al'adu Edward T. Hall ya yi aiki a cibiyar horar da jami'an diflomasiyya ta ƙasar, kuma darussan da ya koyar a can ne suka zama littafinsa na 1959, The Silent Language, wanda ake ɗauka a matsayin tubalin wannan fanni.

Hall ne ya yaɗa rabe-raben da har yau ake koyarwa: akwai al'ummomin da ke faɗin magana kai tsaye, komai na cikin kalmomin da aka furta, akwai kuma waɗanda rabin saƙonsu ke cikin yanayi, shiru, matsayin mai magana da abin da aka bari ba a faɗa ba.

Bahaushe zai gane wannan cikin sauƙi. Idan dattijo ya ce “to, na ji” ko “bari mu yi shawara”, ɗan gari ya san wataƙila an ƙi ne cikin mutunci. Baƙon da ya zo daga Jamus ko Amurka kuwa zai iya komawa ofis ya rubuta rahoton cewa al'umma ta amince. Haka ma baƙon da ya tsallake gaisuwa ya faɗa kai tsaye cikin abin da ya kawo shi, ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle tun kafin ya buɗe takardunsa.

Wani suna da ɗalibai ba sa rabuwa da shi shi ne Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan. Ya yi nazarin takardun tambayoyi fiye da 100,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cike a ƙasashe da dama tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da ma'aunai kamar girman tazarar da ke tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, da kuma ko mutane sun fi fifita kansu ko jama'arsu.

Sai dai aikin nasa ya sha suka. A binciken, an haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo a rukuni guda da sunan Yammacin Afirka, alhali Najeriya kaɗai na da ƙabilu sama da 250. Jami'ar kirki tana koyar da ma'aunan tare da wannan suka, domin kada ɗalibi ya fita da tunanin cewa kowace ƙasa al'ada ɗaya gare ta.

Suna ɗaya, manhaja daban-daban

Wani abin da masu neman gurbi ke yawan tsallakewa shi ne, jami'o'i biyu za su iya ba da digiri mai suna ɗaya amma abin da ke ciki ya sha bamban.

A Amurka, yawancin makarantun da suka shahara da wannan digiri na Kirista ne, kuma an tsara shi ne domin horar da masu wa'azi da ma'aikatan majami'a a ƙasashen waje. Makarantar tauhidi ta Fuller da ke Kalifoniya, misali, ta kafa sashen horar da mishan a 1965, daga baya ta sauya masa suna zuwa sashen nazarin cuɗanyar al'adu. Jami'ar Biola, ita ma a Kalifoniya, ta daɗe tana ba da irin wannan horo.

A Turai kuwa an fi jingina fannin da harsuna, fassara, kasuwanci da batun baƙin haure. Haka abin yake a jami'o'i irin su Warwick a Ingila, Utrecht a Holan, Jyväskylä a Finlan da Jami'ar Birnin Dublin a Ayalan.

A Najeriya, abin da ya fi kusa da shi shi ne nazarin zaman lafiya da sasanta rikici, wanda ake koyarwa a Jami'ar Ibadan, Jami'ar Jos, Jami'ar Ilorin da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, sai kuma sassan nazarin zamantakewa, hulɗar ƙasa da ƙasa da harsuna.

Saboda haka sunan kwas kaɗai ba ya wadatarwa. Jerin darussan da za a ɗauka shi ke nuna inda digirin zai kai mutum.

Inda rashin wannan ƙwarewa ya jawo asarar rayuka

Masu raina fannin sukan ce ai sanin yadda ake zama da mutane ba sai an je jami'a ba. Amma tarihin kiwon lafiya a Afirka ya nuna tsadar rashinsa.

A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da allurar rigakafin shan inna, bisa zargin cewa an gurɓata maganin. A Kano dakatarwar ta kai har watan Yulin 2004. Zargin bai taso haka kawai ba: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 suka mutu. A tsakanin wannan lokaci cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har daga baya ta kai Indonesiya.

Abin da ya juya akalar lamarin shi ne sauya salon tunkarar jama'a. An samo maganin daga Indonesiya, ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye. A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi suka kafa kwamitin da ya ɗauki nauyin wayar da kai, aka sa malamai, masu unguwanni da mata 'yan unguwa a gaba. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Irin haka ya faru a annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo. Da farko ma'aikata sanye da fararen kayan kariya kan ɗauke gawa su binne ba tare da dangi sun gani ba. Sai iyalai suka koma ɓoye marasa lafiya suna yin jana'iza a asirce. A garin Womey na Gini, an kashe mutum takwas daga cikin tawagar wayar da kai a watan Satumban 2014.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na sababbin masu kamuwa sun ɗauki cutar ne wajen jana'iza. A watan Nuwamban 2014 ta fitar da sabon tsarin binne gawa cikin aminci da mutunci, bayan tuntuɓar malaman addini da masana al'adu. Tsarin ya ba dangi damar halarta da yin addu'a, ya tanadi likkafani ga Musulmi, tare da taimama a madadin wanka.

Wannan shi ne ainihin aikin da ake horar da ɗaliban fannin su yi: su saurari tsoron mutane, su gano tushensa, su samo hanyar da likita da liman da uwar mamaci duk za su iya amincewa da ita.

A duniyar kasuwanci ma akwai misalan da ake karantarwa a aji. Haɗewar kamfanin motoci na Daimler na Jamus da Chrysler na Amurka a 1998 ta watse a 2007, kuma masu nazari na lissafa saɓanin salon shugabanci tsakanin ɓangarorin biyu cikin dalilan. Kamfanin Walmart ma ya tattara ya bar Jamus a 2006 bayan ya tafka asara.

Ƙofofin da suka ƙuntata

Ƙofa ta farko ita ce ta agaji. A arewa maso gabashin Najeriya, inda ƙungiyoyin jin ƙai suka ɗauki dubban matasa aiki a Maiduguri, Damaturu da Yola cikin shekaru goman da suka wuce, an ji raɗaɗin yanke tallafin kai tsaye. A watan Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da tallafin abinci ga mutum miliyan 1.3 a yankin saboda rashin kuɗi. Inda abincin mabuƙata ke yankewa, sabon ɗalibi ba zai sa ran gurbin aiki cikin sauƙi ba, musamman da yake yanzu yana gogayya da ƙwararrun da aka sallama.

Ta biyu ita ce ofisoshin tabbatar da daidaito da damawa da kowa a kamfanoni da ma'aikatun Amurka, waɗanda suka ɗauki masu wannan digiri da yawa bayan 2020. Trump ya ba da umarnin rufe su a ma'aikatun tarayya, kuma manyan kamfanoni irin su Meta da Walmart sun janye daga irin waɗannan shirye-shirye.

Ta uku ita ce kafofin yaɗa labarai na ƙasashen waje. Muryar Amurka, wadda ta fara shirye-shiryen Hausa a 1979, ta tsayar da ayyukanta a watan Maris na 2025 bayan wani umarnin fadar White House.

Ga masu burin karatu a waje kuma lissafin ya ƙara tsauri. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, abin da ya ninka kuɗin makaranta sau uku ga mai biya daga gida.

Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu tun daga Janairun 2024. Izinin zama bayan kammala karatu zai ragu daga shekara biyu zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Mafi ƙarancin albashin da ake buƙata domin samun bizar ƙwararrun ma'aikata ya kai fam 41,700 a shekara, duk da akwai rangwame ga sababbin masu digiri. Ƙananan guraben aiki a ƙungiyoyin jin ƙai ba kasafai suke biyan irin wannan albashi ba.

A Amurka, ɗalibin waje na samun izinin aiki na wata 12 bayan karatu. Masu kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi ne kaɗai ake ƙara wa wata 24, kuma nazarin al'adu ba ya cikinsu.

Ƙofofin da har yanzu suke buɗe

Duk da haka buƙatar ba ta gushe ba, wurin da take ne ya sauya.

Ayyukan da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi bashi ne da gwamnatoci ke karɓa, don haka yanke tallafin Amurka bai taɓa su kai tsaye ba. Tun daga Oktoban 2018, ƙa'idojin bankin sun wajabta wa kowane aiki ya kasance yana da tsarin tuntuɓar al'ummar da abin ya shafa da hanyar karɓar koke-kokensu. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda ke yaƙi da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada a jihohin Arewa 19 da Abuja, na cikin irin waɗannan ayyuka. Kowane ofishin jiha na buƙatar jami'in da zai zauna da manoma, makiyaya, mata da masu sarauta kafin a kafa ko da tubali ɗaya.

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta tilasta wa kamfanonin haƙar mai su ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata ga asusun raya al'ummomin da suke aiki a cikinsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ita ma ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara haƙa. Yayin da kamfanonin waje, musamman na China, ke shigowa neman lithiyam a Nasarawa da Kaduna, jami'in hulɗa da jama'a da ya san harshen gari da tunanin baƙo na da abin sayarwa.

Sasanta rikici ma ya zama aikin hukuma. Akwai Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici ta tarayya a Abuja, Filato ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, Kaduna ta kafa tata a 2017. Tun kafin su, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar ɓangarori masu gaba da juna a Kaduna, sun kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a shekarun 1990, har suka shiga tsakani a rikicin Yelwa da Shendam.

Akwai kuma ɓangaren harshe da fasaha. Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma na'ura ta riga ta cinye ƙananan ayyukan fassara. Abin da ya rage wa ɗan'adam shi ne wanda ke buƙatar sanin al'ada: duba fassarar na'ura, gane habaici da zambo da kalaman ƙiyayya a shafukan sada zumunta, da daidaita talla ko saƙon lafiya da jama'ar da aka nufa.

Sauran hanyoyin sun haɗa da ofisoshin kula da ɗaliban waje a jami'o'i, sashen kula da ma'aikata a kamfanonin da ke aiki a ƙasashe da yawa, hukumomin alhazai, ƙungiyar ECOWAS da Tarayyar Afirka, da aikin tafinta da shiga tsakani a cibiyoyin karɓar baƙin haure daga Agadez zuwa Italiya.

Raunin digirin

Babban rauninsa shi ne ba ya ba da lasisin sana'a. Wanda ya karanci aikin jinya, lauya ko akanta yana fita da sunan aikinsa a hannu. Mai digirin cuɗanyar al'adu kuwa da wuya ya ga tallar aiki ɗauke da sunan kwas ɗinsa. Abin da zai gani shi ne ana neman jami'in sa ido da tantance ayyuka, manajan shiri, jami'in kare haƙƙin al'umma, mai bincike ko tafinta.

Rahoton makomar ayyuka na 2025 na taron tattalin arzikin duniya da ake yi a Davos ya sanya tausayawa da iya sauraro, da jagoranci da iya jan ra'ayin mutane, cikin manyan ƙwarewar da masu ɗaukar aiki ke nema. Amma tunani mai zurfi wajen nazarin bayanai ne ya zo na ɗaya, sanin fasahar zamani ma na cikin jerin. Ma'ana, iya zama da mutane na ƙara wa mai sana'a daraja, sai dai ba kasafai yake tsayawa shi kaɗai a matsayin sana'a ba.

Wani abin lura shi ne matashin da ya tashi a Sabon Garin Kano, Jos, Zangon Kumasi ko Damagaram, yana jin harsuna biyu ko uku, ya kuma yi hidimar ƙasa a jihar da ba tasa ba, ya riga ya mallaki rabin abin da ɗalibin Turai ke biyan kuɗi ya koya. Dama shirin NYSC da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 an yi shi ne domin cuɗanya matasa bayan yaƙin basasa. Abin da irin wannan matashi ya rasa shi ne hanyoyin bincike, rubuta rahoto, da takardar shaidar da mai ɗaukar aiki zai yarda da ita.

Abin da ya kamata a auna kafin a biya kuɗi

Na farko, a karanta jerin darussan, a gane ko kwas ɗin na horar da masu wa'azi ne, masu fassara, ma'aikatan kamfani ko masu sulhu.

Na biyu, a duba ko akwai zangon sanin makamar aiki na dole, da kuma wuraren da jami'ar ke tura ɗalibanta. A wannan fanni gogewa ta fi sakamakon jarrabawa tasiri wajen samun aikin farko.

Na uku, harshe. Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki a sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma maƙwabtan Najeriya huɗu, wato Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, duk da Faransanci akasarin takardun hukumominsu ke tafiya. Larabci da Sinanci ma na da kasuwa.

Na huɗu, a haɗa shi da sana'ar da ake iya aunawa, kamar nazarin alƙaluma, tafiyar da ayyuka, kiwon lafiyar jama'a, shari'a ko aikin jarida. Ga mutane da yawa ya fi dacewa su yi digirin farko a wata sana'a, sannan su ɗora wannan a digiri na biyu.

Na biyar, kuɗi. Akwai guraben karatu kyauta irin su Chevening na Birtaniya, DAAD na Jamus, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da shirin zaman lafiya na ƙungiyar Rotary da ke da cibiya a Jami'ar Makerere ta Uganda. Wanda bai samu ɗaya daga cikinsu ba, kwas ɗin sasanta rikici a jami'ar gida zai ba shi mafi yawan abin da yake nema a kan kaso kaɗan na kuɗin.

Rikicin manoma da makiyaya, shakku kan alluran rigakafi, shigowar kamfanonin haƙar ma'adinai da kwararar baƙin haure duk suna nan, kuma kowannensu na buƙatar masu shiga tsakani. Sai dai masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata a yanzu sun fi yawa a ma'aikatun jihohi, ofisoshin ayyukan Bankin Duniya da kamfanoni masu zaman kansu. Ɗalibin da ke shirin shiga fannin zai fi amfana idan ya fara da karanta tallace-tallacen guraben aikin waɗannan wurare, ya ga abin da suke nema, kafin ya zaɓi jami'a.